Mun yarda da dodon, hankakan ne ba mu yarda da shi ba

Duk lokacin da aka mayar da littafin almara ko na ƙagaggen labarin kimiyya fim, ƙorafin farko da ke fitowa daga bakin waɗanda suka karanta shi ne, "ai ba haka yake a littafi ba." Gaskiyarsu ce, ba haka yake ba, kuma ba zai taɓa zama haka ba. Abin na lissafi ne. A al'adar marubuta fim, shafi ɗaya na rubutu yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka fim na awa biyu shafi 120 ne ko kusa da haka, kuma shafukan nan rabinsu fili ne fari. Littattafan The Lord of the Rings guda uku na J. R. R. Tolkien sun haura kalmomi dubu 450. Fina-finan da Peter Jackson ya yi a kansu daga 2001 zuwa 2003, yadda aka nuna su a silima, minti 558 ne gaba ɗaya. In ka raba, kowane minti ɗaya yana ɗauke da nauyin kalmomi wajen 800. Babu daraktan da zai iya wannan ba tare da wuƙa a hannu ba.

Jackson kuwa ya yi yanka ba tausayi. Ya cire Tom Bombadil ɗungurungum. Shekara 17 da ke tsakanin bikin Bilbo da fitar Frodo daga gida ya mayar da su kamar 'yan makonni. Aikin Glorfindel na ceto Frodo a bakin kogi ya miƙa wa Arwen. Babin da 'yan Hobbit, wato gajerun mutanen nan su Frodo, suka koma gida suka tarar an lalata musu ƙasa, wanda masu karatu da yawa ke ɗauka shi ne zuciyar littafin, bai shiga ba sam. An yi gunaguni, amma gunagunin bai yi nisa ba, fim na uku ma ya kwashe kyautar Oscar 11 a 2004. Ke nan yanka kaɗai ba ya kashe fim.

Abin da ke kashe shi, a ganina, shi ne karya dokar da labarin ya kafa wa kansa. Mai kallo zai yarda da dodo mai feshin wuta, zai yarda da zobe mai ɓatar da mutum, zai yarda da tsutsa mai tsawon unguwa guda, domin tun farko an ce masa a wannan duniyar akwai su. Amma yana riƙe da littafin bashi a ransa ko da bai sani ba: nisa nawa ne daga nan zuwa can, me ake biya kafin a sami abu kaza, mutum nawa suka rage. Wanda ya tashi da tatsuniya ya san wannan. Boka ba ya ba da laya sai da sharaɗi, a ce kada ka waiwaya, ko kada ka faɗa wa kowa, kuma daɗin labarin duk yana wurin ranar da aka karya sharaɗin. In aka karya shi babu abin da ya faru, yaran da ke sauraro su ne za su fara cewa gizo ya yi ƙarya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Game of Thrones, shirin talabijin da aka gina a kan littattafan George R. R. Martin, saboda shi da kansa ya koya wa masu kallonsa riƙe lissafi. A kashi na farko, a 2011, an faɗa mana tawagar Sarki Robert ta yi wata guda a hanya daga King's Landing zuwa Winterfell. An gina zango na farko a kan cewa nisa abu ne mai cin rai. Robb Stark yana son ƙetare kogi da rundunarsa, gadar da ta dace da shi tana hannun Walder Frey, kuɗin ƙetarewa shi ne alkawarin auren ɗaya daga 'ya'yansa mata. Ya ƙetare, ya saɓa alkawari, ya auri wata. Sai a kashi na 9 na zango na 3, a 2013, aka zo karɓar bashin, aka yanka shi da mahaifiyarsa da matarsa a wurin biki. Mutane sun yi kururuwa a gaban talabijin, amma babu wanda ya ce an cuce shi, domin duk wanda ya waiwaya zai ga gadar nan.

Yanzu ka ɗauki kashi na 6 na zango na 7, wanda aka nuna a watan Agusta na 2017. Jon Snow da 'yan mutanensa sun maƙale a kan wani dutse a tsakiyar daskararren tafki, arewa da Katanga, wato doguwar ganuwar ƙanƙara da ke tsare arewacin ƙasar, rundunar matattu ta kewaye su. Ga abin da dole ya faru kafin a cece su. Gendry zai koma da gudu a ƙasa cikin ƙanƙara zuwa Eastwatch, sansanin da ke bakin Katangar, tafiyar da suka daɗe suna yinta. A rubuta wasiƙa a ɗaura wa hankaka. Hankakan ya tashi har tsibirin Dragonstone, inda Daenerys, sarauniya mai dodanni, take. Daenerys ta karanta, ta yi gardama da mashawarcinta Tyrion, ta hau dodo ta yi wannan tafiyar a juye, sannan ta lalubo tafki guda a ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Littafin ya ba mu ma'auni: tsawon Katangar mil 300 ne, wato kilomita 480, tsayinta ƙafa 700. In ka ɗora wannan ma'aunin a taswirar, daga Eastwatch zuwa Dragonstone ya haura mil 1,000, a ce kilomita 1,600 ko da an yi rowa. Tattabarar tsere mai kyau tana yin wajen kilomita 80 a awa. Awa 20 ke nan ba sauka ba shan ruwa, kuma wannan zuwan kaɗai ne. Abin da allon ya nuna kuwa bai fi kwana ɗaya da yini ba, mutane a tsaye a kan ƙanƙara ba wuta ba abinci.

Masu kare shirin sukan ce, "kana kallon dodanni amma kana ƙorafin saurin tsuntsu?" Wannan amsa ce ta wanda bai gane ƙorafin ba. Dodo an gabatar da shi a matsayin dodo. Hankaka kuwa an gabatar da shi a matsayin tsuntsu, kuma shekara shida ana gina makirci a kan cewa labari yana jinkiri, wasiƙa tana iso bayan mai ita ya mutu. Gyaran ma bai da tsada. Layi biyu sun isa: wani ya ce yau kwana huɗu ke nan, a nuna guzuri ya ƙare, a nuna suna ƙona abin da ke jikinsu. Ko kuma Daenerys ta taso tun kafin wasiƙa, don hankalinta bai kwanta ba. Ba a yi ko ɗaya ba. A ƙarshen kashin ma sai ga matattun nan da manyan sarƙoƙi suna jawo gawar dodon da aka kashe a wurin ceton daga ƙarƙashin ruwa, alhali dalilin da ya hana su kai hari tun farko shi ne ba sa iya shiga ruwa.

Sanadin abin ba ɓoyayye ba ne. Littafi na biyar na George R. R. Martin ya fito a 2011, shekarar da shirin ya fara, na shida bai fito ba har shirin ya ƙare. Littafi na uku shi kaɗai an ba shi kusan zango biyu, wato wajen awa 20. Zango shida na farko kowanne kashi 10 ne. Na bakwai aka yi 7, na takwas aka yi 6. Wato a daidai lokacin da zaruruwan labarin suka fi yawa, aka rage faɗin tabarmar. Kuɗi ba su ne matsala ba, don kowane kashi a zango na ƙarshe ya ci wajen dala miliyan 15, ninki biyu da ɗoriya na abin da aka kashe a farko. Mintuna ne suka yi ƙaranci, kuma abin da ake fara zubarwa in mintuna sun yi ƙaranci shi ne tafiya a hanya da hirar da ke cikinta, wadda a nan ne ake sanin halin mutane.

Zango na 8 ya ƙara da karya lissafin adadi da na makami. A kashi na 3 mun ga mahayan Dothraki, sojojin Daenerys, sun yi sukuwa kan rundunar matattu cikin duhu da takubba masu ci da wuta, muka ga wutar tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare. Hoto ne mai kyau ƙwarai, kuma ma'anarsa guda ce: sun ƙare. Zuwa kashi na 6 ga su cike da fili suna ihu. A kashi na 4 manyan bakunan da aka girka a jiragen ruwa sun sami dodo Rhaegal sau uku a jere yana sama, daga jirgi mai lilo a kan teku. Mako guda bayan haka, a kashi na 5, irin bakunan nan birjik a kan ganuwa da jirage, babu wanda ya ko shafi Drogon, dodon da ya rage wa Daenerys. Makamin bai canza ba, buƙatar marubuta ce ta canza.

Batun Daenerys da ƙona birnin King's Landing shi ne aka fi yin faɗa a kai, kuma a nan ina ganin ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. Masu cewa an shuka abin tun da wuri ba su yi ƙarya ba: ta gicciye iyayengijin bayi 163 a birnin Meereen, ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa don sun ƙi durƙusawa. Sai dai duk waɗannan abokan gaba ne masu iko. Daga nan zuwa bin mata da yara titi titi da wuta bayan gari ya miƙa wuya akwai tazara, kuma an ba tazarar kashi biyu da rabi, inda ta yi ta rasa na kusa da ita: Jorah ya mutu a na 3, Rhaegal da Missandei a na 4, Varys ya ci amana a farkon na 5, kafin ƙarshensa gari ya zama toka. Hankakan nan ne dai ya sake dawowa, wannan karon a cikin zuciyar mutum. Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke a intanet suna neman a sake zangon, duk da haka ya ci kyautar Emmy ta gwarzon shirin wasan kwaikwayo a 2019. Kofin shayin zamani da aka manta a kan tebur a kashi na 4 bai dame ni ba, wannan kuskuren ma'aikata ne, an kuma goge shi cikin kwana biyu.

Bari in ɗan ratse kan duhun kashi na 3, don ƙorafi ne da ake haɗawa da sauran alhali nasa daban ne. Miguel Sapochnik ya ba da umarni, Fabian Wagner ya ɗauki hoto, an yi dare 55 ana ɗauka, aka fitar da minti 82 na yaƙin dare. An tace launinsa a ɗaki mai duhu, a kan allo mai tsada. Yawancin bidiyon da ke zuwa gidaje kuwa matakan haske 256 kawai gare shi tsakanin baƙi da fari, kuma ba duka ake amfani da su ba. Hoton dare yana zaune ne a 'yan matakan ƙasa, 'yan gomomi kaɗan. Manhajar da ke matse bidiyo don ya yi sauƙin turawa tana fara zubar da bayanan da ke cikin duhu ne, saboda an gina ta a kan cewa ido ba ya lura da su. Ga kuma hayaƙi da ƙanƙara mai zuba, waɗanda ke motsi a ko'ina suna cinye ɗan abin da ya rage. Sakamakon shi ne ɓaraguzan murabba'ai da zobba-zobba na toka. Wanda ya karɓi kashin a wurin masu tura fina-finai, an matse shi ya koma megabait ɗari da wani abu, yana kallo a waya da rana a ƙofar gida, ba abin da zai gani sai fuskarsa. Maganin: a nemi babban fayil, a kashe fitila, a sa talabijin a tsarin kallon fim, a kashe abin da ke sulɓe motsi, a ɗan ɗaga matakin baƙi har tufafin mutane su rabu da bango. Amma laifin bai tashi daga kan masu shirin ba. Yaƙin Helm's Deep a fim na biyu na Jackson, na 2002, shi ma na dare ne, har da ruwan sama, sai mai ɗaukar hoto Andrew Lesnie ya wanke shi da shuɗin haske wanda ba wata ne ya kawo shi ba, kuma ba wanda ya tsaya tambayar daga ina.

Jackson ɗin ma bai tsira ba. Sauyin da ya fi yi wa labarinsa illa shi ne rundunar fatalwa. A littafi aikinsu ƙarami ne: sun tsorata 'yan fashin teku a Pelargir, Aragorn ya sallame su, ya cika jiragen da mutane masu rai ya kawo su fagen fama. A fim fatalwar ce ta zo har Minas Tirith ta share abokan gaba cikin minti kaɗan, makami ba ya kama ta. To in haka ne, da mahayan Rohan sun yi jinkirin awa guda, da Sarki Théoden bai mutu ba. An ba da nasara kyauta, sai ta rage darajar wadda aka saya da jini.

Dune misali ne na yadda ake yanka mai zurfi ba tare da an taɓa jijiya ba. Littafin Frank Herbert na 1965 yana tsaye a kan dokoki kaɗan masu ƙarfi. Garkuwar jiki tana tare duk abin da ya zo da sauri, sai wuƙar da aka tura a hankali ke ratsa ta, shi ya sa ake faɗa da wuƙa a zamanin jiragen sama jannati. A cikin hamada ba a kunna garkuwar, don tana haukata tsutsotsin rairayi. Taku mai tsari yana kiran tsutsa. Ruwa guba ne a gare ta. Fim ɗin David Lynch na 1984 ya cusa littafin duka a minti 137, ya ƙirƙiro bindigar sauti da babu ita a littafi, sannan ya rufe da ruwan sama a Arrakis, duniyar hamadar nan. Mai karatu ya san ma'anar wannan ruwan: tsutsa ta mutu, sinadarin da ake yaƙin dominsa, wanda daga tsutsotsin yake samuwa, ya ƙare, tafiya tsakanin taurari ta tsaya. An yi nufin farin ciki, aka nuna ƙarshen duniya.

Denis Villeneuve ya raba littafin biyu, minti 155 a 2021 da 166 a 2024, kuma sauyinsa ba ƙarami ba ne. Shekarun da Paul, gwarzon labarin, ya yi cikin Fremen, mutanen hamadar, ya matse su suka koma ƙasa da wata tara, shaida kuwa mahaifiyarsa Jessica tana da ciki har fim ya ƙare. Saboda haka ƙanwarsa Alia ba a haife ta ba, kashe Baron, shugaban abokan gabarsu Harkonnen, wanda ita ta yi a littafi, ya koma hannun Paul, ɗan farin Paul da Chani ya ɓace, Chani kuma ta zama mai adawa da da'awar cewa Paul ne mai ceton da ake jira. Akwai asara a nan, don da wuya a yarda baƙo ya zama jagoran al'umma guda cikin 'yan watanni. Amma dokokin suna nan daram. Garkuwa tana yin shuɗi in ta tare, ta yi ja in an ratsa, ba sai an yi bayani sau biyu ba. A farkon fim na biyu sojojin Harkonnen suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, shugabansu yana hana su kunna garkuwa, don ya san abin da za ta kira. Mai jin Hausa kuma zai tsinci kalmomin da ba baƙi ba ne a kunnensa, irin su Mahdi da Lisan al-Gaib, don Herbert ya ɗebo da yawa daga Larabci da tarihin Musulmi. Kalmar jihadi da ta cika littafin ce fim ɗin ya kauce wa, ya ce yaƙi mai tsarki, abin da ya jawo nasa cece-ku-cen.

Star Wars nasa gajere ne. A fim ɗin 2017 an tuƙa jirgi ɗaya da gudun da ya wuce na haske aka tsarge rundunar abokan gaba da shi. Hoton ya yi kyau har silima ta yi tsit. Kafin a fito waje an fara tambaya: in haka na yiwuwa, me ya sa tun 1977 ake asarar matuƙa wajen kai hari, ba a ɗaura inji a jikin dutse a harba ba? Fim ɗin 2019 ya amsa da layi guda, wai dace ne na ɗaya cikin miliyan. Faci ne, kuma ana ganin zaren.

The Hobbit ciwonsa kishiyar na sauran ne. Littafin Tolkien ne na yara na 1937, kalmomi wajen dubu 95, Jackson ya ja shi ya zama fim uku na minti 474 tsakanin 2012 da 2014, bayan da farko biyu aka shirya. Kalmomi 200 ke nan a minti, kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da fina-finan farko suka ɗauka. Dole a cika gurbi, sai aka shigo da Legolas da ba ya littafin, aka ƙirƙiro Tauriel, aka ta da Azog wanda a rubutun Tolkien ya mutu tun kafin labarin. Yaƙin ƙarshe, wanda a littafi dutse ya bugi Bilbo ya suma aka ba shi labarinsa daga baya, ya cinye kusan fim guda. Abin da ya fi ɓata shi shi ne jiki ya daina jin ciwo. Wadanni 13 sun rufto daga gadar katako zuwa ƙasan kogo, ƙaton sarkin halittun kogon da ake kira goblin ya faɗo a kansu, kowa ya tashi yana kakkaɓe riga. Daga nan mai kallo ya daina jin tsoro a madadinsu. Nuna shi da hoto 48 a daƙiƙa maimakon 24 ya ƙara tona asiri, gemun roba ya fito a gemun roba.

Wanda ke son ganin akasin haka ya duba The Expanse, shirin talabijin na tafiye-tafiye a sararin samaniya da aka gina a kan littattafai. Jirgi ba shi da birki a sararin samaniya, don haka rabin tafiya yana ƙara gudu, a tsakiya ya juya ya ba wa inda za shi baya, sauran rabin yana rage gudu da injin. Nauyin da mutane ke ji a ciki daga turin injin yake zuwa, in an kashe shi kowa ya tashi sama, kofi da jini ma haka. In za a yi gudu mai tsanani sai an ɗaure mutum a kujera an yi masa allura, kuma wani lokacin jijiyar ƙwaƙwalwa ta fashe duk da haka. Saƙo tsakanin duniyarmu da Mars yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 gwargwadon inda suke, saboda haka ba a hira kai tsaye, sai dai a aika bidiyo a jira. Shirin yana ɗan sassauta lissafin nan wani lokaci, tafiyar watanni a littafi takan koma ta kwanaki, amma jinkirin saƙon yana nan, kuma da shi ake ƙulla rikici: shugaba a duniya yana ba da umarni a kan yaƙin da aka riga aka gama kafin muryarsa ta isa.